Ina Babana Yake, Fasto?

Masu karatu, na ga saƙonninku. Wasu sun ce na cika tsirfa, namiji kamar Ɗanladi ya zo neman aurena ina ja masa rai. Wata ma cewa ta yi in ba na so in turo mata lambarsa. Na yi dariya, amma ku bari in ba ku labarin satin gaisuwar iyaye tukuna, sannan ku yanke mini hukunci.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Mariya Lawal. Babana Musulmi ne, Bazazzagi. Mamata Kirista ce, 'yar Wusasa. Ni kaɗai Allah ya ba su. A Garki na tashi, Area 2, cikin gidajen ma'aikatan nan masu bene da fentinsu ya gaji da duniya. Addinin Mama na bi, kuma Baba bai taɓa ɗaga mini murya a kai ba. Shi ne ma yake kai mu coci a tsohuwar Fijonsa. In an kusa Kirsimeti shi yake zuwa kasuwa ya zaɓo mini atamfa, kullum sai ya zaɓo mai ruwan ganye, wai ita ke karɓar fatata. Bara da damina hawan jini ya buge shi a ofis, bai sake magana ba har ya cika.

Ɗanladi kuwa mataimakin fasto ne a cocinmu, sashen Hausa. Yana koyarwa a wata makaranta a Bwari, kuma ana sa ran a naɗa shi cikakken fasto idan babban fastonmu, Rabaran Ishaku, ya sa masa hannu. Dogo ne, baƙi, mai sanyin magana. In yana dariya sai ya rufe baki da bayan hannu kamar mai jin kunya. Ina son sa. Ku riƙe wannan, don kada ku ce ban faɗa ba.

Ranar Lahadin da ta gabaci gaisuwar, shi aka ba wa'azi. Ina cikin mawaƙa, a gefen bagade, ina kallonsa cikin farar shaddar da na guga masa da hannuna. Da ya ce a kan gidan wuta zai yi magana, ban ji komai ba. Tun ina yarinya nake jin wannan wa'azin. Sai da ya kai tsakiya, muryarsa ta hau, ya ɗaga yatsa ya ce:

"Duk wanda ya mutu ba tare da Almasihu ba, komai kirkinsa, komai sadakarsa, komai yawan ibadarsa, babu inda za shi sai wuta. Wuta ce da ba ta mutuwa."

Coci ya amsa da amin. Ni kuwa sai na ji kamar an zuba mini ruwan ƙanƙara a ƙeya. Komai yawan ibadarsa. Ba wanda na gani sai Baba a kan dardumarsa, a lungun falonmu, yana ɗaga mini hannu in rage sautin talabijin. Na waiwaya layin zumuntar mata. Mama na zaune cikin ankonsu, kanta a sunkuye, tana murza bakin gyalenta. Da aka tashi waƙar rufewa, bakina ya yi ta motsi amma murya ba ta fito ba.

Ana tashi ban tsaya jiran Ɗanladi ba. Na ce kaina ke ciwo, na bi Mama muka hau Keke muka koma gida.

Washegari ina shagon maganin da nake aiki a Area 11, waya ta yi ƙara. Kauthar ce, 'yar Baffana Rilwanu, ƙanin Baba. Tare muka yi wasan 'yar tsana, duk sallah a gidansu nake, duk Kirsimeti tana gidanmu. Bidiyo ta turo. Ashe yaran da ke ɗaukar hoto a coci sun yanko daidai wurin nan sun saka a shafin coci, ya yi ta yawo har ya iso hannunta.

"Wannan ne angon namu?"

Na rubuta, "Shi ne."

"Da Baba Lawal yake?"

"Wa'azi ne kawai, Kauthar. Bai kama suna ba."

"Sai ya kama? Mariya, Abba ya gani. A kasuwa wani ya nuna masa. Tunda ya dawo bai ci abinci ba."

Baffa Rilwanu shi ne madadin uba a gare ni, shi zai karɓi baƙin ranar Asabar, shi zai ce ya bayar ko bai bayar ba. Mama ta sha wahala kafin ya yarda ya zauna da mutanen coci a falo ɗaya.

Na kira Ɗanladi na ce in ya taso daga Bwari ya biyo ta wurina.

Ya iso da la'asar, ya faka kusa da mai gasa masara. Ya saya mana guda biyu, mai masarar na ta "oga, ƙara ɗaya mana". Na shiga motar, ban karɓi tawa ba.

"Lafiya kuwa, amarya? Fuskar nan fa?"

"Tambaya zan yi maka. Kada ka yi mini wa'azi, amsa nake so."

Ya ajiye masarar a kan takarda. "Ina ji."

"Ina Babana yake?"

Ya kalli titi, ya kalle ni.

"Mariya..."

"Ranar Lahadi ka sani. Har yatsa ka ɗaga. Yau ma ka faɗa mini."

"Ban yi da Baba ba. Wallahi ko tuna..." Sai ya katse maganar, don ya gane abin da yake shirin faɗa ya fi muni.

"Ba ka tuna ba. Mutumin da ya ba ka kujerarsa ranar da ka fara zuwa gidanmu, ya ce Mama ta kawo maka fura. Ba ka tuna ba."

Ya sunkuyar da kai a kan sitiyari. Can ya ce, "Ba zan yi miki ƙarya don ki aure ni ba. Na gaskata akwai wuta. Na gaskata ba mai shiga wurin Uba sai ta wurin Yesu. In na ce ban gaskata ba, na yaudare ki."

"Kuma ka gaskata Allah ƙauna ne."

"Da dukan zuciyata."

"To haɗa mini su. Ni na kasa. Tun jiya nake ƙoƙarin yin addu'a, da na ce Uba sai in ji bakina ya yi ɗaci. Ta yaya zan kira shi Uba yana ƙona nawa uban?"

Ya ce ƙauna ba ta tilas. Ya ce Allah ba ya jan mutum da igiya zuwa gidansa, wanda ya ce ba ya so, Allah zai bar shi da zaɓinsa, kuma rabuwa da Allah ita ce wutar tun kafin a zo maganar harshenta. Na san a makarantar tauhidi ya koyo wannan, kuma na ga da gaske yake faɗa.

"Baba bai ce ba ya son Allah ba," na ce. "Da asuba kafin kowa ya motsa shi yake tashi neman sa. Ni da nake Kirista sai Mama ta yi ta bugun ƙofa kafin in tashi addu'ar safe. Wane zaɓi ya yi, Ɗanladi? An haife shi a Zariya ne, kai an haife ka a gidan mai bishara. Da an musanya ku a zanin goyo fa?"

Masarar ta huce a tsakaninmu.

"Ban sani ba," ya ce a ƙarshe.

"To me ya sa a kan bagade ka sani?"

Na buɗe ƙofa na fita. Ya yi ta kira, ban ɗauka ba. Saƙonsa ya shigo ina cikin Keke: "Ki ba ni lokaci. Ban taɓa tsayawa na kalli maganar da fuskar mutum a cikinta ba." Na karanta, ban mayar ba.

Ranar Juma'a muna kicin da Mama, tana suyar kaji ni ina yanka cincin. Gidan duk ya ɗauki ƙamshin citta da tafarnuwa. An wanke labule, an ciro faranta masu bakin zinariya da ba a taɓa su sai da babban dalili. Leshina ruwan zuma na rataye a ƙofar ɗaki, tela ya kawo shi da safe.

"Mama, ko a ɗaga gaisuwar nan?"

Ba ta juyo ba. "A ɗaga ta zuwa ina?"

"Ban shirya ba."

Ta rage wutar gas, ta goge hannu da zaninta, sannan ta fuskance ni.

"Kin san shekara nawa na yi a ƙarƙashin horo saboda na auri babanki? Ana raba jibin Ubangiji, faranti ya zo gabana ya wuce. Mata su yi ta raɗa, wai ga wadda ta sayar da bangaskiyarta. Ke ma kina ƙarama ba su so ki shiga wasan Kirsimeti ba, sai da na yi kuka a ofishin fasto. Yanzu Allah ya kawo ranar da 'yar Lawal za ta zama matar fasto, ki ce ba ki shirya ba?"

"Mama, kin ji abin da ya ce ranar Lahadi."

"Na ji. Tun kafin a haife shi nake jin sa."

"Kuma bai dame ki ba?"

Idonta ya kawo ruwa, ta ce hayaƙin mai ne. Ta jawo kujerar roba ta zauna.

"Ranar da aka ɗauki babanki zuwa maƙabarta, mata ba sa bi. Na tsaya a tagar nan ina kallon motar har ta sha kwana. Na ce, Ubangiji, ni na zauna da mutumin nan. Na san fushinsa, na san taurin kansa, na san ranar da ya sa ni kuka. Duk da haka in ka ba ni ashana ka ce in ƙyasta masa a yatsa, ba zan iya ba. To ni Rifkatu na fi ka ƙaunarsa ne? Ni na halicce shi?" Ta ja hanci. "Ban ji murya daga sama ba, Mariya. Ba a ce mini yana nan ko yana can ba. Na dai miƙa shi ga wanda ya fi ni sanin sa, kuma ya fi ni tausayi. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi."

"In kuma wutar ce fa, Mama?"

"In na isa can zan ga shari'arsa da idona, kuma na san ba zan same shi da zalunci ba. Yadda za a yi hakan, ban sani ba. Miƙo mini matsami, kajin nan za su ƙone."

Na miƙa mata. Hankalina bai kwanta ba, amma ranar na iya cewa Uba, ko da yake daga nan ban ƙara komai ba.

Asabar da hantsi Baffa Rilwanu ya iso da Kauthar. Babbar riga ya sa, ruwan toka, da hular zanna. Kamanninsa da Baba har tsoro suke ba ni, hatta yadda yake tattare riga kafin ya zauna. Na durƙusa na gaishe shi.

"Sannu da zuwa, Baffa. Kun zo lafiya?"

"Lafiya lau, 'yata. Allah ya yi miki albarka." Bai yi murmushi ba.

Ba a jima ba baƙin suka hawo. Mahaifin Ɗanladi ya rasu, don haka Rabaran Ishaku ne ya jagorance su, da dattawa biyu ɗauke da goro da alewa da katan ɗin lemo. Shi Ɗanladi aka bar shi a mota a ƙasa, kamar yadda aka saba. Ni da Kauthar muka shige ɗakina, muka bar ƙofa a ɗan buɗe. Tana gyara mini ɗaurin ɗankwali.

"Kin san wani abu?" ta ce a hankali. "Na yi ta jin haushin bidiyon nan, sai na tuna ni ma haka aka koya mini game da ke. Ba sallar da zan yi ban roƙa miki shiriya ba. Wani lokaci har kuka nake, in na tuna wai za a raba mu."

Na riƙe hannunta. "Ni ma ina yi miki."

Muka kalli juna a madubi. Abin ya so ya ba mu dariya, amma hawaye ne suka zo.

A falo an gama gaishe-gaishe. Rabaran ya gabatar da abin da ya kawo su cikin ladabi, ya yabi tarbiyyata, ya yi wa Baba ta'aziyya har da cewa mutumin kirki ne. Baffa ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce:

"Na ji, na kuma gode. Amma kafin in ce komai, a kira mini yaron."

Na leƙa ta tsagar ƙofa, na ga Mama a bakin kicin ta dafe bango.

Ɗanladi ya shigo, ya cire takalmi, ya durƙusa a kan kafet. Shadda ruwan sararin samaniya ce a jikinsa, gumi ya riga ya jiƙa bayanta.

"Yaro," in ji Baffa, "na ga wa'azinka. Ban zo musun addini ba, kowa da nasa. Amma yarinyar da kake nema jinin yayana ce. In kun haihu, 'ya'yanka za su ga hotonsa a bango su tambaye ka. Abin da za ka faɗa musu nake so ka faɗa mini yanzu. Lawal yana ina?"

Rabaran ya gyara zama. "Alhaji, wannan magana ai..."

"Ku yi haƙuri, Rabaran. Shi na tambaya."

Masu karatu, ku duba mini. In ya ce wuta, Baffa zai tattare rigarsa ya fita, auren ya mutu. In ya ce wani abu daban, ga mai sa masa hannu a zaune yana ji.

Ɗanladi ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, muryarsa ba irin ta bagade ba ce.

"Baffa, ni Kirista ne. Na gaskata akwai hukunci, akwai wuta, kuma Yesu ne mai ceto. A kan wannan zan mutu. Amma inda Baba Lawal yake, ban sani ba. Ba ni aka ba shari'ar ba. Ban ga zuciyarsa ba, ban san abin da ya wuce tsakaninsa da Mahaliccinsa ba. Abin da na sani, wanda zai yi masa shari'a shi ne wanda ya yarda ya mutu don masu zunubi, ba zai zalunce shi ba ko da ƙwayar gero. Ranar Lahadi na hau kujerar da ba tawa ba, na yanke wa mutanen da ban sani ba hukunci, har ina jin daɗin amin ɗin da ake ba ni. Ku gafarce ni."

Kauthar ta matse mini hannu har na ji zafi.

Baffa ya ja carbinsa. Can ya ce, "Mu ma muna da wuta a namu. In ka tambaye ni inda kai za ka, akwai abin da aka karantar da ni. Amma ban taɓa leƙawa na ga wanda ke ciki ba." Ya juya wajen ƙofata. "Mariya, fito."

Na fito. Na durƙusa kusa da Mama.

"Kina son sa?"

Tambayata ba ta sami amsar da na nema ba. Har yanzu ban san inda Baba yake ba. Amma na kalli mutumin da ya gwammace ya ce bai sani ba a gaban ubangidansa da ya yi mini ƙarya ko ya yi wa Baffa.

"Ina son sa, Baffa."

"To na ba shi."

Dattawan suka fara murmushi, ɗaya har ya kai hannu ga goro. Sai Rabaran Ishaku ya miƙe. Ba fushi a fuskarsa, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Idonsa ja ne kamar wanda ya yi kuka.

"Alhaji, mun gode da karamci. Aure kuwa Allah ya sa albarka." Ya juya ga Ɗanladi. "Ɗana, uwata da ubana a kan tsafi suka mutu. Kana tsammani ban so in ce ban sani ba? Amma in gida na ci da wuta, mai ƙauna ihu yake yi, ba ya cewa wataƙila. Mutane sun ji ka ranar Lahadi, ni kuma na ji ka yau. Gobe kai za ka sake hawa bagade. Ka faɗa wa ikilisiya wanne ne naka a ciki, daga nan dattawa za su san abin da za su yi da maganar naɗinka."

Ya ɗauki sandarsa ya fita. Dattawan suka bi shi da sauri, ko lemon da aka zuba musu ba su sha ba.

Mama ta zame ta zauna a ƙasa, a nan bakin kicin. Ɗanladi na durƙushe inda yake, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Na so in je wurinsa, kunyar Baffa ta hana ni.

Baffa ya mayar da carbinsa aljihu, ya tattare babbar rigarsa ya miƙe. Har ya kai ƙofa ya sa takalmi ɗaya, sai ya tsaya ya juyo wajen Mama.

"Maman Mariya, tunda nake ban taɓa taka cocinku ba. Amma a kan magana na ba yaron nan 'ya, ina so in ji da kunnena ko zai riƙe ta a gaban mutanensa." Ya zura ɗaya takalmin. "Ƙarfe nawa ake shiga?"